Darasi na Bakwai: Idan Kwamfuta Ta Hana a Taɓa Filashi Wajen Haɗa Filashin Tayarwa

## Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. bayyana mene ne filashin tayarwa, da abin da ya bambanta haɗa shi da kwafar fayil;
2. karanta saƙon kuskure ya gane inda ya dosa;
3. lissafa dalilai biyar da ke hana manhaja yin rubutu a filashi, da maganin kowanne;
4. amfani da diskpart ya cire kulle ko ya share filashi ba tare da ya taɓa rumbun kwamfutarsa ba;
5. gane filashin da ya mutu da kuma na jabu.

## Gabatarwa

Duk mai riƙe da kwamfuta zai wayi gari wata rana ta ƙi tashi, ko ta yi nauyin da sai an sake mata Windows. A da, faifan DVD ake sakawa. Yawancin laftof na yanzu ba su da wurin saka faifai, don haka aikin ya koma kan filashi. Tun da kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, masu buƙatar wannan aiki sun ƙaru, domin wasu suna komawa Windows 11, wasu kuma suna gwada Linux a tsofaffin kwamfutocinsu.

Wurin da mutane suka fi maƙalewa shi ne farkon aikin. An sauke fayil, an saka filashi, an danna START, sai ga saƙo da Turanci cewa an hana shiga. Daga nan wani ya jefar da lafiyayyen filashi ya sayo sabo, wani kuma ya shiga share-share har ya goge hotuna da takardun da ke cikin kwamfutarsa. Duka asarar biyu ana iya kauce musu. Dalilan wannan matsala ba su da yawa, kuma idan aka bi su ɗaya bayan ɗaya, daga mai sauƙi zuwa mai haɗari, ana gano inda take.

## 1. Mene ne filashin tayarwa?

Idan kuka kunna kwamfuta, kafin Windows ta bayyana akwai wata ƙaramar manhaja da ke cikin allon uwa wadda take fara farkawa. A tsofaffin kwamfutoci sunanta BIOS, a sababbi UEFI. Aikinta ta nemo inda babbar manhaja take, ta miƙa mata ragama. Yawanci a rumbun cikin kwamfuta take samunta. Filashin tayarwa shi ne wanda aka shirya ta yadda BIOS ko UEFI za ta iya tayar da kwamfuta daga gare shi.

> Akwatin kalmomi
> Babbar manhaja: manhajar da ke tafiyar da kwamfuta baki ɗaya, kamar Windows, Ubuntu ko macOS.
> Fayil ɗin ISO: fayil guda da ya ƙunshi cikakken kwafin faifan ɗora babbar manhaja.
> Filashin tayarwa: filashin da kwamfuta ke iya tashi daga gare shi ko da rumbunta ba komai.
> Fomatin: share wurin ajiya tare da shimfiɗa masa sabon tsarin fayiloli.

Jefa fayil ɗin ISO cikin filashi kamar yadda ake kwafar waƙa ko hoto ba ya mayar da shi na tayarwa. Sai an yi amfani da manhaja ta musamman. Wadda aka fi sani a Windows ita ce Rufus, ta kyauta, wadda Pete Batard ya fara fitarwa a 2011. Akwai kuma Media Creation Tool ta Microsoft, da balenaEtcher, da Ventoy. Don ɗora Windows ana buƙatar filashin da bai gaza gigabait 8 ba. Masu Windows 7 su lura: Rufus 3.22 ce ta ƙarshe da ke aiki a kanta, daga 4.0 sai Windows 8 zuwa sama.

Waɗannan manhajoji suna rubutu ne a tushen filashi, wurin da aka adana bayanin yadda aka raba shi da yadda za a tashi daga gare shi. Windows tana tsaron wannan wuri sosai, domin manhajar da ta iya rubutu a can tana iya share kowane rumbu. Kafin ta bari a taɓa shi, sai sharuɗɗa uku sun cika: mai neman shiga yana da izini, babu wata manhaja da ke amfani da filashin a lokacin, kuma filashin kansa yana karɓar rubutu. Abin ya yi kama da mai son sake fasalin shago: sai yana da mabuɗi daga mai shago, sai kowa ya fita daga ciki, sai kuma ƙofar tana buɗuwa. Kusan duk saƙon hana shiga yana komawa ga ɗaya daga cikin ukun nan.

Gargaɗi: haɗa filashin tayarwa yana goge duk abin da ke cikin filashin. Ku kwashe kayanku kafin ku fara.

## 2. Karanta saƙon kafin a rufe shi

Mutane da yawa suna danna OK da zarar saƙo ya fito, alhali rabin maganin yana cikinsa. Ku rubuta saƙon a takarda ko ku ɗauki hotonsa da waya. Ga waɗanda aka fi gani, da lambar da Windows ta ba kowanne:

- Access is denied, lamba 5: an hana shiga. Yawanci rashin izini ne, ko manhajar tsaro ta tare hanya.
- Being used by another process, lamba 32: wata manhaja tana riƙe da filashin.
- The media is write protected, lamba 19: akwai kullen hana rubutu.
- The device is not ready, lamba 21: filashin ya kuɓuce wa kwamfuta ko bai zauna daidai ba.
- I/O device error, lamba 1117: bayanai sun kasa wucewa tsakanin kwamfuta da filashi. Matsalar ramin USB ce, ko kebul, ko filashin yana mutuwa.

Wani lokaci lambar tana zuwa da dogon fasali, kamar 0x00000005, wanda dai shi ne lamba 5. A cikin Rufus, idan kuka danna Ctrl da L tare, wani shafi zai buɗe mai ɗauke da bayanin duk abin da ta yi. Layukan ƙarshe su ne suke nuna inda aikin ya tsaya.

## 3. Dalili na farko: rashin izini

A Windows masu amfani iri biyu ne. Akwai admin, wanda ke da ikon canza komai, akwai kuma mai amfani na gama-gari, wanda aka taƙaita wa iko. Rubutu a tushen filashi aikin admin ne.

> Akwatin kalmomi
> Admin: mai amfani da ke da cikakken iko a kwamfuta.
> Izini: damar da babbar manhaja ke ba mutum ko manhaja ta karanta abu ko ta canza shi.

Idan kuka buɗe Rufus, Windows za ta tambaya ko kun yarda wannan manhaja ta yi canje-canje. Ku zaɓi Yes. Idan ta nemi kalmar sirri, to asusun da kuke ciki ba na admin ba ne, sai mai kwamfutar ya saka tasa. Ga manhajar da ba ta tambaya da kanta, ku danna ta da maɓallin dama na linzami, ku zaɓi Run as administrator.

Kwamfutocin ofis, banki da makaranta suna da wani ƙarin shinge. Masu kula da su sukan kafa dokar hana rubutu a duk abin da aka soka a ramin USB, don kada a sace bayanai ko a shigo da bairos. Idan kuka tarar da haka, kada ku nemi hanyar zagayewa, domin da gangan aka yi. Ku nemi mai kula da kwamfutocin wurin, ko ku yi aikin a wata kwamfuta.

Misali na 1. Wata malamar firamare tana so ta sake wa laftof ɗinta Windows. Ta je ɗakin kwamfuta na makaranta, ta saka filashinta, aka ce mata Access is denied. Ta gwada filashi na biyu, saƙon bai canza ba. Tunda filashi biyu sun ba da saƙo iri ɗaya a kwamfuta ɗaya, zargi ya tashi daga kan filashi ya koma kan kwamfutar. Da ta kai na farkon gidan ƙanwarta, inda aka shiga da asusun admin, aikin ya tafi har ƙarshe.

## 4. Dalili na biyu: wata manhaja tana riƙe da filashin

Kafin Rufus ta fara rubutu, tana neman Windows ta kulle mata filashin ita kaɗai. Idan wata manhaja ta buɗe ko da fayil ɗaya a ciki, kullen ba zai samu ba. Masu yawan jawo wannan su ne:

- tagar File Explorer da aka bari a buɗe kan filashin;
- takarda, waƙa ko bidiyo da aka buɗe daga cikinsa;
- manhajar riga-kafi da ke binciken filashi da zarar an soka shi;
- manhajar da ke kwafar fayiloli zuwa ajiyar intanet ko ta raba rumbu;
- fayil ɗin ISO, ko ita Rufus kanta, idan a cikin filashin da ake son gogewa aka ajiye su.

Na ƙarshen nan yana yawan kama sababbin hannu. Ba zai yiwu a goge filashi ana kuma karanta ISO daga cikinsa ba. Ku mayar da ISO da Rufus cikin kwamfuta tukuna.

Magani: ku rufe duk tagogi, ku zare filashin, ku mayar, ku dakata riga-kafi ta gama bincikenta, sannan ku sake gwadawa. Idan bai yi ba, ku kashe kwamfutar ku kunna, kada ku buɗe komai sai Rufus. Sau da yawa Rufus da kanta takan faɗi sunan manhajar da ke riƙe da filashin.

Akwai kuma wani tsaro a cikin Windows mai suna Controlled folder access, wanda aka shigo da shi Windows 10 a 2017 don maganin bairos masu kulle fayilolin mutum su nemi kuɗin fansa. Idan yana kunne, yakan hana manhajar da bai sani ba rubutu kai tsaye a rumbu. Ana samunsa ta Windows Security, sai Virus & threat protection, sai Manage ransomware protection. Abin da ya fi shi ne a saka Rufus cikin jerin manhajojin da aka amince da su. Idan kuka dakatar da tsaron ko riga-kafi don wannan aiki, ku mayar da su da zarar kun gama. Kuma ku sauke Rufus daga shafinta na asali, rufus.ie, domin manhajar da za a ba ikon admin bai kamata a karɓe ta daga hannun da ba a sani ba.

## 5. Dalili na uku: kullen hana rubutu

> Akwatin kalmomi
> Kullen hana rubutu: yanayin da ake iya karanta abin da ke cikin filashi amma ba a iya ƙarawa, canzawa ko gogewa.
> diskpart: manhajar da ke cikin Windows wadda ake sarrafa rumbuna da ita ta hanyar rubuta umarni.

Wannan kulle iri uku ne, kuma gane wanda ake fama da shi yana rage wahala.

Na jiki. Katin SD da wasu filashi suna da ɗan makunni a gefe mai alamar Lock. Yakan zame da kansa a aljihu ko wajen sokawa. Ku zare, ku duba, ku mayar da shi.

Na manhaja. Windows tana iya sa wa filashi alamar karatu kawai. Ana cire ta da diskpart. Ku buɗe Command Prompt a matsayin admin, ku rubuta waɗannan, kuna danna Enter bayan kowane layi:

`diskpart`
`list disk`
`select disk 1`
`attributes disk`
`attributes disk clear readonly`

Lamba 1 da ke sama misali ce kawai. Lambar filashinku ita ce wadda list disk ya nuna muku, kuma sashe na gaba zai koyar da yadda ake tabbatar da ita.

Na mutuwa. Ƙwaƙwalwar filashi tana da iyakar yawan rubutun da za ta ɗauka. Idan ta gaji, ƙaramin injin da ke cikin filashin yakan kulle shi da kansa don kada abin da ya rage ya lalace. Wannan kulle ba umarnin da ke cire shi.

Umarnin attributes disk yana taimakawa a bambance na biyu da sauran. Layuka biyun farko da zai nuna su ne Current Read-only State da Read-only. Idan duka biyun sun ce Yes, akwai kyakkyawan zaton alamar manhaja ce, kuma clear readonly zai cire ta. Idan na farko ya ce Yes, na biyu ya ce No, to kullen ba daga wannan alama yake ba. Ku duba makunni, ku gwada a wata kwamfuta. Idan can ma ya ƙi rubutu, ku kwashe abin da ke ciki tun ana iya karantawa, ku nemi wani filashin.

## 6. Dalili na huɗu: tsarin rabon filashi ya rikice

> Akwatin kalmomi
> Rabo: yankin da aka ware a cikin rumbu ko filashi, wanda Windows ke ba wa harafi kamar E ko F.
> Teburin rabo: bayanin da ke farkon rumbu mai nuna yadda aka raba shi. Iri biyu ne: MBR, tsohon tsari, da GPT, sabon tsari mai tafiya da UEFI.

Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, ko aka zare filashi kafin aiki ya ƙare, teburin rabo yakan tsaya rabi da rabi. Haka ma filashin da aka taɓa ɗora wa Linux da balenaEtcher yakan fito da rabon da Windows ba ta ganewa: filashi mai gigabait 16 ya nuna 'yan megabait, ko ya ƙi bayyana a File Explorer, ko Windows ta ce sai an yi masa fomatin. Filashin lafiyarsa ƙalau, teburin ne ke buƙatar sharewa.

Umarnin da ke wannan aiki shi ne clean. Shi ne mafi haɗari a wannan darasi, domin ba ya tambayar ko kun tabbata, kuma duk rumbun da aka zaɓa shi zai share. Saboda haka ku bi wannan ƙa'ida ba tare da tsallake ko ɗaya ba:

1. Ku zare duk wani filashi, katin waya ko rumbun waje, ku bar wanda za a share kaɗai.
2. Ku rubuta list disk, ku duba girman kowane rumbu.
3. Idan kuna shakka, ku zare filashin ku sake list disk. Wanda ya ɓace daga jerin shi ne naku.
4. Bayan select disk, ku sake list disk. Alamar tauraro za ta tsaya a gefen wanda aka zaɓa.

Girman da za ku gani yakan ɗan gaza wanda aka rubuta a jikin kaya, domin masu ƙera filashi suna lissafi da 1000, Windows kuma da 1024. Filashi mai gigabait 16 yakan nuna 14, rumbu mai 500 yakan nuna 465.

Bayan an tabbatar, sai a ci gaba:

`clean`
`create partition primary`
`format fs=ntfs quick`
`assign`
`exit`

Misali na 2. A wani shagon gyaran kwamfuta, NEPA ta ɗauke wuta ana cikin haɗa filashi a kwamfutar tebur. Da wuta ta dawo, Rufus ta ƙi ci gaba. Yaron shago ya ce, "Oga, filashin nan ya mutu, in sayo wani?" Maigidan ya ce, "Tukuna. Buɗe diskpart ka karanta mini abin da ka gani." Ya karanta: Disk 0 mai 465 GB, Disk 1 mai 931 GB, Disk 2 mai 14 GB. Maigidan ya ce, "Na tsakiyan nan rumbun Hajiya ne da muke kwashe mata hotuna. Fita daga diskpart, ka cire shi yadda ya kamata, sannan ka sake duba jerin." Da aka zare filashin aka mayar, aka sake dubawa, sai ya koma Disk 1. Suka zaɓe shi, suka ga tauraro a gefen 14 GB, sannan suka rubuta clean. Rufus ta karɓi filashin. Abin lura a nan shi ne lambar rumbu tana canzawa. Wanda ya haddace "disk 1" daga darasi ya rubuta ba tare da dubawa ba, da hotunan mai kaya ya share.

## 7. Dalili na biyar: rami, wuta da ingancin filashi

Idan aikin yana farawa sannan ya tsaya a tsakiya, ko filashin yana ɓacewa yana dawowa, ku duba kayan aikin kansu. Ramin USB da ya saki, ko ya cika da ƙura, yakan yanke hulɗa na ɗan lokaci, kuma hakan ya isa ya ɓata rubutu. Ku soka filashin kai tsaye a jikin kwamfuta, kada ku bi ta na'urar ƙara ramuka ko dogon kebul. A kwamfutar tebur, ramukan baya sun fi na gaba aminci, domin a jikin allon uwa suke. Idan ramin USB 3.0, wanda galibi cikinsa shuɗi ne, ya ba da matsala, ku gwada na 2.0, ko akasin haka. Ku yi aikin a laftof mai caji ko kwamfutar da ke kan UPS.

Sai batun jabu. Akwai filashin da ake sayarwa da rubutun gigabait 32 ko 64, alhali ainihin ƙwaƙwalwarsa kaɗan ce. An yi wa injin cikinsa dabara ya riƙa faɗa wa kwamfuta girman ƙarya. Ƙananan fayiloli suna shiga lafiya, shi ya sa mai saye ba ya ganewa da wuri. ISO na Windows 11 ya haura gigabait 5, don haka yakan wuce ainihin iyakar irin wannan filashi, sai rubutu ya tsaya ko fayilolin su fito a lalace.

Ana gwada filashi da H2testw, manhajar kyauta da ta fito daga mujallar kwamfuta ta c't a Jamus. Tana cika filashin da bayanai, ta sake karanta su, ta faɗi nawa ne suka dawo daidai. A Linux akwai F3 mai irin wannan aiki. Rufus ma tana da zaɓin Check device for bad blocks a cikin ƙarin zaɓuɓɓukan fomatin. Gwajin yana cin lokaci, amma ya fi kyau a yi shi ranar da aka sayi filashi, tun ana iya mayar wa mai shago.

Misali na 3. Wani mai shagon buga takardu ya sayi filashi mai rubutun gigabait 64 da arha. Duk lokacin da ya gwada, aikin yakan tsaya a wuri ɗaya da I/O device error. Ya canza rami, ya canza kwamfuta, abin bai canza ba. Tsayawa a wuri ɗaya a kwamfutoci daban-daban alama ce ta filashi. H2testw ta nuna ƙaramin kaso ne kawai na girman ke riƙe bayanai.

## 8. Matsaloli biyu masu kama da hana shiga

Iyakar FAT32. Tsarin fayiloli na FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4. A cikin ISO na Windows na yanzu akwai fayil mai suna install.wim da yakan haura haka. Mai kwafa da hannu zai ga an ce fayil ya yi girma, ko da filashin ba komai a ciki. Rufus tana kauce wa wannan ta amfani da tsarin fayiloli na NTFS, don haka ku bar zaɓin da ta yi da kanta.

ISO da bai sauka daidai ba. Idan intanet ta yanke ana saukewa, fayil ɗin yakan zo da giɓi. Ana tabbatar da shi da lambar SHA-256, wadda masu fitar da ISO suke wallafawa a shafinsu. A PowerShell, umarnin Get-FileHash tare da sunan fayil ɗin zai fito da lambar, sai a gwama. Idan ko harafi ɗaya ya bambanta, a sake saukewa.

## 9. Ga masu Linux da Mac

Dalilan ba su canza ba, kalmomin ne suka bambanta. A Linux, Permission denied yana nufin ba a sa sudo a gaban umarni ba. Saƙon busy yana nufin filashin yana ɗaure da tsarin, sai a sake shi da umount. Umarnin lsblk ne ke nuna jerin rumbuna. Idan ana rubutu da umarnin dd, sunan filashin gaba ɗaya ake bayarwa, kamar /dev/sdb, ba na rabo ɗaya kamar /dev/sdb1 ba. A Mac, diskutil list ke nuna jerin, diskutil unmountDisk kuma ke sakin filashin idan aka ga Resource busy. Shi ma dd ba ya tambaya kafin ya share, don haka ƙa'idar tabbatar da rumbu tana nan daram.

## 10. Jerin matakai

1. Rubuta saƙon kuskure da lambarsa.
2. Buɗe manhajar a matsayin admin.
3. Rufe tagogi, fitar da ISO daga filashin, sake kunna kwamfuta.
4. Duba riga-kafi da Controlled folder access.
5. Canza rami, duba makunnin Lock.
6. Gwada a wata kwamfuta.
7. Duba attributes disk, cire alamar karatu kawai.
8. Tabbatar da lambar rumbu, sannan clean.
9. Gwada filashin da H2testw.

Ku riƙa canza abu ɗaya a kowane gwaji. Wanda ya canza rami da filashi da manhaja a lokaci guda, ko aikin ya yi, ba zai san abin da ya gyara shi ba, kuma gobe zai sake farawa daga tushe. Matakai bakwai na farko ba sa goge komai, shi ya sa suka riga clean.

## Tambayoyin bita

1. Me ya sa kwafar fayil ɗin ISO cikin filashi ba ta isa ta mayar da shi na tayarwa ba?
2. Faɗi sharuɗɗa uku da sai sun cika kafin Windows ta bari a yi rubutu a tushen filashi.
3. Me kowane ɗaya daga cikin waɗannan lambobi yake nunawa: 5, 19, 32?
4. Kawo abubuwa huɗu da ke iya riƙe filashi su hana Rufus aiki.
5. Bayyana iri uku na kullen hana rubutu. Wanne ne ba ya gyaruwa?
6. A diskpart an ga Disk 0 mai 238 GB, Disk 1 mai 29 GB, Disk 2 mai 465 GB. Filashin mai gigabait 32 ne. Wanne za a zaɓa, kuma me ya kamata a yi kafin a rubuta clean?
7. Filashi ya ƙi rubutu a kwamfutar ofis amma ya karɓa a ta gida. Mene ne dalilin da ya fi kusa, kuma wa ya kamata a tuntuɓa?
8. Ta yaya ake gane filashin jabu?
9. Cike gurbi: FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait ______.
10. Gaskiya ko ƙarya: lambar da diskpart ke ba filashi ba ta taɓa canzawa. Kare amsarka.

Aikin gwaji: Ku kasu biyu-biyu. A gaban malami, ku buɗe diskpart, ku rubuta list disk kafin soka filashi da bayan soka shi, ku rubuta bambancin a littafinku. Daga nan ku zaɓi filashin, ku rubuta attributes disk, ku kwafi layuka biyun farko, ku bayyana wa abokin aikinku abin da suke nufi. Kada a yi amfani da clean a wannan gwaji.